Tsoffin Injinan Dizal Na Girke: Yadda Masu Sha'awa Ke Farfaɗo Da Su Da Kuma Kula Da Su

Injin girke shi ne injin da ake dasawa a wuri guda, a ɗaure shi da notuna a kan daɓen siminti ko katako mai kauri, ya riƙa juya wata na'ura ta hanyar bel, kamar famfon ruwa, injin niƙa, zarton katako ko janareta. Kafin wutar lantarki ta kai ƙauyukan Turai da Amurka, irin waɗannan injina ne ke ɗauke da mafi yawan aikin ƙarfi a gonaki da ƙananan masana'antu. Da lantarki ya wadata, sai aka yi watsi da su a rumbuna da bayan gidaje, ruwan sama da tsatsa suka ci rabonsu.

A yau akwai mutane masu yawa, musamman a Birtaniya, Amurka, Ostireliya da Holan, waɗanda ke bin sawun waɗannan injina, su saya, su kwance su gaba ɗaya, su gyara, su sake tayar da su. Ba neman kuɗi suke yi ba, domin sau da yawa abin da ake kashewa a gyaran ya fi kuɗin da injin zai yi a kasuwa. Sha'awa ce. Ga mai karatu a Najeriya lamarin na iya zama abin mamaki, ganin cewa injin da Bature ke gogewa da ƙyalle yana kai shi baje koli, ɗan'uwansa na nan a bakin kasuwa yana niƙa masara tun asuba.

Asalin injin

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi 1 cikin 15 na girmanta ko ƙasa da haka, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Selsiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Injiniyan nan Bajamushe Rudolf Diesel ya samu takardar mallakar fasaharsa a shekarar 1893, kuma injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so an gwada shi a garin Augsburg a 1897.

Sai dai ba shi kaɗai ne a fagen ba. Tun a 1892 kamfanin Richard Hornsby na garin Grantham a Ingila ya fara ƙera injin mai da Herbert Akroyd Stuart ya ƙirƙira. Wannan inji matsinsa bai kai ya kunna mai ba, saboda haka yana da wani kwano na ƙarfe a kansa da ake gasawa da fitilar aci-bal-bal har ya yi zafi kafin a tayar da shi. Manomi kan ɗauki mintoci yana wannan gashi kowace safiya. Wannan wahala ce ta sa injin da zai iya tashi a sanyi, da juyin hannu kawai, ya zama abin nema.

Kamfanoni da dama na Birtaniya sun shiga wannan kasuwa: Ruston da Hornsby a Lincoln, Petter a Yeovil, Blackstone a Stamford, Crossley da Gardner a yankin Manchester. Amma wanda sunansa ya fi yin nisa a duniya shi ne R. A. Lister, kamfanin da Robert Ashton Lister ya kafa a 1867 a ƙaramin garin Dursley na lardin Gloucestershire. Da kayan noma da na sarrafa madara ya fara, daga baya ya shiga ƙera injina.

Lister CS

A 1929 Lister ya fitar da injin dizal ɗinsa na farko, a shekarar da ta biyo baya kuma jerin da aka fi sani da CS ya kankama. Haruffan biyu na nufin tashi a sanyi. An ci gaba da ƙera wannan samfuri a Ingila har zuwa 1987, wato kusan shekara 60 ba tare da an sauya ainihin zubinsa ba. Wannan shi ne injin da masu sha'awar dizal suka fi nema, kuma da shi aka fi misali a wannan bayani.

Lambobin da ke jikinsa suna da sauƙin karantawa. Idan an ce 6/1, ana nufin ƙarfin doki 6 da silinda 1. Idan an ce 12/2, ƙarfin doki 12 ke nan da silinda 2. Samfurin 6/1 yana da silinda mai faɗin inci 4.5, fistan ɗinsa na tafiyar inci 5.5, abin da ya ba shi cikin da ya kai kimanin lita 1.4. Yana juyi 650 a minti ɗaya. Nauyinsa ya haura kilo 300, kuma kaso mai yawa na nauyin yana cikin manyan ƙafafun ƙarfe biyu da ke gefensa, waɗanda makanikai ke kira filawil, kowace faɗinta kimanin ƙafa 2.

A nan asirin tsawon ransa yake. Injin mota mai girman lita 1.4 yana iya ba da ƙarfin doki 70 ko fiye, shi kuwa wannan 6 kacal ake nema daga gare shi. Ƙananan janaretocin zamani na juyi 3,000 a minti, manyan 1,500. Lister CS a tsakiyar aikinsa bai kai saurin injin mota da ke tsaye a kunne ba. Ƙarfen da ba a matsa masa ba ya gajiya da wuri. Da yake sai fistan ya yi hawa da sauka sau biyu kafin mai ya kama sau ɗaya, injin na bugawa sau 325 a minti, ɗan sama da sau 5 a daƙiƙa, har kunne na iya rarrabe bugun ɗaya bayan ɗaya. Masu sha'awar da yawa sukan ce wannan sauti ne ya fara jawo su.

Dabarar tashi a sanyi kuwa tana cikin wani bawul mai hannu da ke gefen kan silinda, wanda ake danganta ƙirarsa ga injiniya Arthur Freeman Sanders. Idan an murɗa shi ciki, sai ya rufe wani ƙaramin ɗaki, wurin da iska za ta taru ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, injin ya kama ko da gari na sanyi. Idan ya ɗumama za a ɗora masa aiki mai nauyi, sai a warware bawul ɗin, matsi ya sauka. Samfurin 8/1 da ya zo daga baya, mai juyi 850, ba shi da wannan bawul.

Sauran abubuwan duk masu sauƙi ne. Sanyaya shi da ruwa ake yi, galibi daga wani dogon tanki ko ganga da ke tsaye kusa da shi: ruwan zafi ya hau ta bututun sama, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa, babu famfo. Baƙin mai kuma wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistan ke fantsama shi, tare da ƙaramin famfo guda. Bawuloli da sandunansu a fili suke, ana ganin motsinsu. Kamfanin ya kuma haɗa shi da janareta a wani tsari mai suna Start-O-Matic, inda kunna fitila guda a cikin gida ke sa injin ya tashi da kansa da taimakon batir, kashe fitilar ƙarshe kuma ya sa ya mutu. Gidajen karkara da yawa a Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka da shi suka fara ganin hasken lantarki.

Kamfanin Hawker Siddeley ya sayi Lister a 1965, a 1986 kuma aka haɗe shi da tsohon abokin gogayyarsa aka samu Lister Petter. Ƙira a Dursley ta zo ƙarshe a 2014.

Amma injin bai mutu ba. Masana'antu a Indiya, musamman a birnin Rajkot na jihar Gujarat, sun daɗe suna ƙera kwafinsa domin manoma masu ban ruwa, suna kuma fitar da shi ƙasashen waje. Turawa na kiran waɗannan kwafi Listeroid. Ingancinsu ya bambanta daga wannan masana'anta zuwa waccan, kuma ƙorafin da aka fi yi a kansu shi ne ragowar yashin zubi da akan tarar a cikin cikin injin, wani lokaci an shafe shi da fenti. Masu sayen sabo a Amurka sun saba kwance shi su wanke kafin su tayar da shi ko sau ɗaya. Duk da haka, albarkacin Rajkot ne mai gyaran injin 1940 ke iya samun fistan, zobba, bawul da gaskit cikin sauƙi, domin da yawa daga cikin kayan suna shiga juna.

Inda masu sha'awar ke haɗuwa

A Birtaniya akwai ƙungiyoyi a kusan kowane lardi, kuma lokacin bazara ana yin tarukan baje kolin tsoffin injina da taraktoci a filayen gonaki. A da, mafi shahara a cikinsu shi ne na Great Dorset, wanda aka fara a 1969. A irin wannan taro akan ga injina jere a bayan igiya, kowane mai shi na zaune a kujera kusa da nasa, injin na zuba ruwa daga wannan bokiti zuwa wancan ko yana kunna 'yan fitilu. Mujallar Stationary Engine, wadda David Edgington ya kafa a 1974, ita ce babbar kafar sadarwarsu. A Amurka akwai mujallar Gas Engine da taron shekara-shekara na garin Portland a jihar Indiana, da gidan adana injina na Coolspring a Pennsylvania.

Injinan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, masu nauyin tan da yawa, gidajen adana kayan tarihi ne ke riƙe da su, kuma 'yan sa kai ne ke kula da su. Gidan Anson a Poynton yana da injin dizal na farko da aka ƙera a Birtaniya, wanda kamfanin Mirrlees na Glasgow ya yi a 1897. Gidan Internal Fire a yankin Wales kuwa yakan kunna nasa a gaban baƙi.

Galibi sabon shiga ba da dizal yake farawa ba. Yakan fara da ƙaramin injin fetur irin Lister D, wanda aka ƙera daga 1926 zuwa 1964, saboda araha da rashin nauyi. Dizal na buƙatar tirela, ƙugiyar ɗaga kaya da wurin ajiya.

Yadda ake farfaɗo da shi

Abu na farko da gogaggen mai gyara ke dubawa shi ne farantin tagulla da ke jikin injin, mai ɗauke da lambarsa, ƙarfinsa da saurin juyinsa. Da lambar ake gane shekarar ƙira, da ita kuma ake neman littafin umarnin da ya dace. Injin da farantinsa ya ɓata darajarsa na raguwa ƙwarai. Bayan haka sai a duba ko yana juyawa, ko kayansa sun cika, ko akwai tsaga a jikinsa. Injin da ya cije amma kayansa cikakku ya fi wanda ke juyawa amma an kwashe masa famfon mai da gwamna.

Cijewa ita ce cutar da aka fi samu. Ruwan sama kan shiga ta salansa, ya bi bawul ɗin da ke buɗe, ya kwanta a kan fistan shekara da shekaru, tsatsa ta haɗe shi da silinda. Maganin haƙuri ne. Ana cire kan silinda, a kwashe dattin, a zuba man dizal ko kananzir gauraye da baƙin mai, a bar shi makonni, ana ƙarawa. Daga nan a ɗora guntun katako mai tauri a kan fistan a riƙa bugawa a hankali. Kuskuren da ke kashe injina da yawa shi ne a sa dogon ƙarfe a filawil a danna da ƙarfi, domin sandar fistan na iya lanƙwashewa ko ƙafar ta tsage, alhali tsatsar ba ta saki ba.

Tsaga kuwa a Turai sanyi ne ke kawo ta. Ruwan da aka manta a cikin injin yana daskarewa da hunturu, ya kumbura, ya fasa zubabben ƙarfen. Irin wannan ƙarfe ba ya son walda, domin yakan sake tsagewa a gefen ɗinkin idan ya huce. Saboda haka da yawa sun fi son ɗinkin sanyi, inda ake huda ƙananan ramuka a gicciye da tsagar, a cusa makullan ƙarfe su kama ɓangarorin biyu, a cike tsagar da notuna masu cin juna. Wannan duk a jikin injin ne. Filawil da ta tsage ba ta da gyara. Ana gwada ta ne ta hanyar rataye ta a ɗan buga da guduma: lafiyayya tana yin ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sautinta a mace yake. Wadda ta faɗi wannan gwaji sai a nemi wata.

Akwai wata matsala da ba a lura da ita sai an fara kwance noti. Tsoffin injinan Birtaniya suna amfani da ma'aunin zare na Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55, alhali zaren mita na yau 60 ne. Sifanar zamani ba ta zama daidai a kan notin, tana cinye masa kusurwa, kuma notin zamani da aka tilasta a kan tsohon zare yana lalata shi. Mai gyara na gaskiya yakan nemi sifanun Whitworth tun kafin ya taɓa komai.

Idan an kwance, kowane ƙarfe ana wanke shi da kananzir, a jera su bisa tsari, a ɗauki hoto a kowane mataki. Tsatsa ana cire ta da burushin waya, wasu kuma su jiƙa ƙarfen a ruwan sodar wanki su haɗa shi da na'urar cajin batir, wutar ta ɓamɓare tsatsar ba tare da ta ci lafiyayyen ƙarfe ba. Sai awo. Ana auna cikin silinda a sama da ƙasa don ganin yadda ya cinye, a auna ratar zobban fistan, a duba wuyan karanshaf da metal ɗinsa. Lister ya riƙa shafa wa cikin silindarsa wani ƙarfe mai tauri da ya kira Listard, shi ya sa akan tarar da injin da ya shekara 70 cikinsa bai wani ci ba. Bawuloli ana niƙa su da man niƙa a kan mazauninsu har su zauna ba tare da iska ta tsere ba.

Ratar da ke tsakanin kan fistan da kan silinda ita ce ke yanke yawan matsi, kuma hanyar auna ta tsohuwa ce. Ana ɗora 'yan guntayen dalma a kan fistan, a ɗaura kan silinda, a juya injin da hannu fistan ya latse su, a sake buɗewa a auna kaurinsu. Idan ratar ta yi yawa ko kaɗan, sai a rage ko a ƙara siraran takardun gaskit da ke ƙarƙashin silinda.

Famfon mai da nozul su ne ɓangaren da ba a yi wa ganganci. An ƙera su da daidaito mai tsanani, ƙwayar yashi guda na iya lalata su, kuma akan kwance su ne a kan tebur mai tsabta, a cikin man dizal mai tsabta. Mafi yawan masu sha'awa kan kai nozul wurin ƙwararru masu na'urar gwaji. Lafiyayyen nozul yana fesa mai kamar hazo, da wata 'yar ƙara, ya kuma yanke ba ɗiga. A nan akwai haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba: feshin yana da ƙarfin huda fata. Wanda ya sa yatsa a gabansa zai ga ɗan tabo kamar na allura, amma man ya shiga cikin nama, kuma idan ba a kai shi asibiti nan take ba yana iya rasa yatsan.

Tsoffin gaskit da naɗin salansa na iya ƙunsar asbestos, tsohon fenti kuma na iya ƙunsar dalma. Ba a kankare su a bushe ana shaƙar ƙurar.

Tashin farko

Kafin a juya hannu, ana fitar da iska daga bututun mai, a tabbatar sandar famfon mai na motsi ba cijewa, a kuma tabbatar makullan da ke riƙe filawil sun zauna daram. Sai a ɗaga ɗan hannun da ke hana bawul ɗin hayaƙi rufewa, domin injin ya juya ba matsi. Mai tayarwa yana riƙe hannun juyi da babban yatsansa a gefe ɗaya da sauran yatsu, saboda idan injin ya buga baya kada ya karya masa yatsa. Ya juya har ƙafafun su ɗauki gudu, yana jin kukan nozul a kowane zagaye na biyu, sai ya saki bawul ɗin. Nauyin filawil ne ke tura fistan ya haye matsin. Idan komai daidai ne, sai a ji bugu ɗaya, baƙin hayaƙi ya fito, na biyu ya biyo, gwamna ya kama gudun ya daidaita shi.

Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne injin ya gudu. Idan gwamna ya cije, ko injin ya fara shan baƙin mansa ta cikin zobba, gudu zai yi ta ƙaruwa, kuma tun da babu fulogi babu wutar da za a kashe. Rufe mai ma ba ya tsayar da wanda ke shan baƙin mai. Abin da ke tsayar da shi shi ne toshe masa iska, shi ya sa ake ajiye faffaɗan katako kusa da bakin shan iskar. Ba a toshewa da tafin hannu ko tsumma. Zubabbiyar filawil da aka ƙera don juyi 650 idan ta wuce iyakarta fashewa take yi, guntayenta kuma na iya ratsa bango. Wannan ne dalilin igiyar da ake zagaye injina da ita a wurin baje koli, da kuma inshorar da ƙungiyoyin Birtaniya ke buƙata daga masu nunawa. Riga mai faɗin hannu, gyale ko babbar riga ba su da wuri kusa da filawil da bel.

Gardamar fenti

Masu sha'awar sun rabu gida biyu a kan yadda injin ya kamata ya kasance bayan gyara. Wasu kan kankare shi har ƙarfe, su cike ramuka, su fesa masa koren fenti mai duhu irin na Lister, su manna sabon tambari, su goge tagulla har tana ɗaukar ido. Wasu kuma na ganin wannan ɓata tarihi ne, domin injin ya fito ya fi yadda ya bar masana'anta kyau. Su abin da suke yi shi ne su gyara cikinsa sosai, wajensa kuwa su wanke su shafa masa tsumma mai mai, a bar ragowar fentin asali da tabon shekaru. A 'yan shekarun nan ra'ayi na biyu ya ƙara samun magoya baya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: fenti ana iya yinsa kowane lokaci, amma na asali idan an kankare ya tafi ke nan. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne sabon fenti a kan injin da cikinsa ya lalace yaudara ce, kuma mai saye ya yi hattara da shi.

A Najeriya da maƙwabta

Sunan Lister ya shiga bakin mutane a Najeriya har ya zama sunan jinsi: akan ce Lista ga injin niƙa ko janareta mai dizal ko da wani kamfani ne ya ƙera shi. Tun zamanin mulkin mallaka injinan Birtaniya ke juya famfunan ruwa da janaretocin asibitoci, makarantu da gidajen saukar baƙi, daga baya samfuran Lister masu sanyaya da iska da kwafin Indiya da na Sin suka cika kasuwa. A Mali, shirin da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa tun shekarun 1990 ya girka irin wannan inji a ƙauyuka, yana juya injin niƙa, na casa da na cajin batir, ƙungiyoyin mata na gudanar da shi, a wasu wurare ma da man binidazugu. Ba sabon abu ba ne: a baje kolin duniya na Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Ma'ana, ilimin da Bature mai sha'awa ke tonowa daga tsoffin littattafai yana nan a hannun makanikan injin niƙa da masu aikin lesi a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Bambancin shi ne manufa. Makaniki na son injin ya koma aiki yau, saboda haka yakan yi walda inda ya kamata a yi ɗinki, ya sa notin da ya samu, ya jefar da farantin lamba. Cututtukan ma daban ne. A nan ƙanƙara ba ta fasa inji, amma ƙurar hunturu da garin niƙa na cinye silinda idan babu matatar iska, ruwan rijiya mai gishiri na toshe hanyoyin sanyaya, gurɓataccen mai na kashe nozul.

Abin da ya fi barazana ga tsoffin injinan asali shi ne awon kilo. Injin da nauyinsa ya haura kilo 300 kaya ne mai tsoka ga 'yan gwangwan, kuma tsadar man dizal da yaɗuwar wutar sola na sa ana ajiye su da yawa. Wanda ke da irin wannan inji a bayan gida, ko hukumar da ke da shi a tsohon ɗakin famfo, ya dace a karanta farantinsa kafin a kira mai sikeli, domin wanda aka ƙera a Dursley ba za a sake ƙera irinsa ba, kuma galibi abin da ke damunsa bai wuce zobba, bawul da nozul ba.

Kulawa bayan gyara

Injin da aka gyara ba ya son zaman banza, ba ya kuma son aikin wasa. Dizal da ke juyi ba kaya a kansa ba ya yin zafin da ya kamata, mai ba ya ƙonewa duka, cikin silinda ya yi santsi kamar gilashi, zobba su daina kamawa, baƙin ruwa mai yauƙi ya riƙa fita ta salansa. Wannan cuta ta fi kama injinan baje koli, waɗanda ke wuni suna juyi ba su ɗauke da komai. Maganinta a ɗora masa aiki na gaske na wasu sa'o'i, kamar janareta mai kunna na'urar dafa ruwa, har ruwan tankinsa ya yi zafi sosai.

Game da baƙin mai, tsoffin samfuran CS ba su da matata irin ta mota. An tsara su ne datti ya kwanta a ƙasan ciki a riƙa kwashewa. Saboda haka masu kula da su da yawa sun fi son mai marar sinadarin wanki mai yawa, domin man zamani yana riƙe dattin yana zagayawa da shi. Kowane aka zaɓa, ana buɗe ƙofar ciki lokaci-lokaci a share laka da hannu. Kafin kowane tashi ana ɗiga mai a kan sandunan bawul da mahaɗan gwamna, a duba makullan filawil da notunan gindi, domin girgiza na sassauta su.

Man dizal da ya daɗe a tanki yana tara ruwa a ƙasa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙar laka mai toshe matata. Idan za a ajiye injin na watanni, akan cika tankin ko a juye shi gaba ɗaya, a zubar da ruwan sanyaya, a rufe bakin salansa da na shan iska. Sannan a juya filawil da hannu har a ji fistan ya fara matsa iska, a bar shi a nan, domin a wannan matsayi bawuloli biyun duk a rufe suke, danshi ba shi da hanyar shiga silinda.